Takardar Ƙarshe ta Malama Isono

Wata na tara, rana ta biyar, bayan tashin yara

Kuskure ne da kusan kowa yake yi, ni ma na yi shi ina ƙarama. Mutum ya sayi hoton wata marubuciyar waƙa ta zamanin da a shagon bakin gada, ya ga doguwar fuska da siririn ido da ɗan mitsitsin baki, sai ya ɗauka haka matar take. Ba haka take ba. Babu mai rai da ya san yadda take. Masu zanen fada na da ko kusa ba su nuna fuskar ba. Mace ce ta ba ka baya, gashi ya zubo har tabarma, ko mafici ya tare rabin fuska, waƙarta a sama. Su kuwa na yanzu, masu buga hoto da katako, gidan shayi suke leƙawa su zaɓi yarinyar da maza suka fi daɗewa a zaune dominta, su jibga mata rigunan fada, su rubuta sunan matar da ta yi shekara ɗari takwas a ƙasa.

Yau na shimfiɗa wa yara irin hotunan nan guda uku, na rufe sunayen da tafin hannu, na ce su faɗa min wace ce wace. Suka duba, suka sake dubawa, sai dariya ta kama su, don fuska ɗaya ce sau uku. Na ce to, in kuna neman mace a hoto, ku bar fuska ku karanta rubutun. Irin wannan ranar ce take sa in manta da ciwon gwiwa.

Onui, 'yar marigayiya Malama Isono, ta aiko tana tambayar takardar mahaifiyarta. Na ce a gaya mata aikin mai naɗi, mai manna takarda a siliki, ba ya son gaggawa.

Rana ta shida, da sassafe

Bari in jera maganar a nan ko kaina ya huta.

Shekara ashirin da biyu na yi ina zama gaban Malama Isono. Ita ta koya min riƙon burushi, ita ta koya min ƙirga gaɓoɓin waƙa, ita ta nema min wannan ɗakin da nake koyar da yara mata a ciki. Ta rasu bara, ran biyu ga wata na goma. Saura kwana uku ta cika ta nemi burushi. Ba a sami takardar kirki kusa ba, sai wata shara-shara da ke gefen matashinta, irin wadda in ka ɗaga kana ganin yatsunka ta baya. A kai ta rubuta waƙarta ta bankwana:

Na bar laimata a bakin ƙofa,
wanda ruwa ya tsare ya ɗauka.
Inda za ni ba a jiƙewa.

Ina nan makaranta lokacin. Na isa na tarar tawada ta bushe. Ba komai.

Gobarar da aka yi a unguwarsu bara waccan ta cinye akwatin rubuce-rubucenta, har da samfuran da ta yi mana muna koyo, don al'adarta ce ta karɓe abinta in kin ƙware. Saboda haka wannan takarda ita kaɗai ta rage da rubutun hannunta a duniya.

Wata guda ke nan da Onui ta ba ni ita in kai wa mai naɗi, ya manna ta a kan siliki, a rataye ta a ɗakin baƙi ranar addu'ar cikar shekara. Ni ta ba wa don ni na san masu aikin. Ita ina ta san su? Ba ta san komai ba sai awon man fitila a shagon mijinta. Uwarta ta yi ta fama da ita tana yarinya, ko baiti ɗaya bai zauna mata ba.

A hanya na biya ta shagon Kyuzo mai hotuna. Biyawa kawai. Yana haɗa jerin mata goma sha biyu marubuta waƙa, na da da na yanzu, ya ce abin kunya ne birninmu Edo ya manta da Malama tun ba ta shekara ba. Ya ce mai kwafinsa zai kwafe rubutun cikin kwana uku, in zo in ɗauki abata. Gaskiya ya faɗa, abin kunya ne. Dole wani ya yi mata wannan, kuma ba mai awon mai ce za ta yi ba.

Kwana ukun sun zama wata guda. Saura kwana ashirin da shida a yi addu'a.

Rana ta takwas, da hantsi

Na sami Kyuzo a zaune cikin hotunansa yana fifita, ko zafi ba a yi.

"Malama da kanta. A kawo shayi."

Na ce ba shayi ya kawo ni ba.

"Na sani, na sani. Takardar tana nan lafiya lau, kamar jariri a bayan uwarsa."

"To kwanto min jaririn."

"Abin da ya faru, mai kwafin ya tafi ƙauye, surukarsa ce ba lafiya, kuma mabuɗin akwatin yana jikinsa."

"Ran nan ka ce ƙafarsa ce ta kumbura."

"Ita ma ta kumbura. Mutum ne mai yawan jarrabawa, Malama. Gobe."

Ya rako ni har titi yana ta sunkuyawa. Duk mai sunkuyawa haka akwai abin da ya taka yana ɓoyewa.

Rana ta tara, da yamma

Gobe, in ji shi. Yau bikin furen kaka ne, kowa yana jefa fure a ƙoƙon giyarsa. Ni ban ko leƙa waje ba.

Rana ta goma sha ɗaya, da yamma

Gobe.

Rana ta goma sha biyu, da rana tsaka

Na daka wa yarinya tsawa don ta ɗiga tawada a tabarma. Shekararta bakwai. Malama ba ta taɓa yi min faɗa kan tawada ba, sai dai ta ce tabarma ma tana son ta koyi karatu. Da aka tashi na ba yarinyar gasasshen dankali. Ta karɓa, ba ta dube ni ba.

Kyuzo ne ya ja wannan ma.

Rana ta goma sha huɗu, da la'asar

Hoton ya fito. Ba a gaya min ba, daga bakin matar mai awara na ji, ta shigo da shi a hannu tana kaɗawa.

"Malama, ashe haka malamarku ta haɗu? Maigidanmu ya ce da ya sani da shi ma ya shiga makaranta."

Na karɓa. Yarinyar gidan shayin bakin gada ce, wadda take da tawadar Allah a wuya, ko ɓoye ta ba su yi ba. Ta riƙe laima, ta waiwayo ta kan kafaɗa, wuyan riga ya zame baya. A sama an rubuta sunan Malama.

Malama Isono da ciwon agana ya huda wa fuska tun tana shekara tara. Malama da ta aske kanta tana da sittin, idonta na hagu ya yi fari, take zuƙar lofe tana tari tana zagin duk wanda ya kawo mata waƙar wata da raɓa. Ita ce wannan.

"Ba ta yi kyau ba ne?" in ji matar. "Ai gata aka yi mata. Ni in na mutu a zana ni haka, na yafe gaskiya."

Na ce ta tafi awararta za ta ƙone.

Akwai wani ƙaramin rubutu a kusurwar ƙasa. Ba zan yi maganarsa ba. Ban ce a sa shi ba. Kyuzo ne ya kawo zancen, ni dai ban hana ba, kuma rashin hani ba roƙo ba ne.

Na daɗe ina duban waƙar. Mai kwafin nan gwani ne. Har inda gashin burushi ya rabu biyu a ƙarshen layin farko ya fito. Gwani ne ƙwarai. Ban taɓa ganin mai kwafi irinsa ba.

Rana ta goma sha biyar, da hantsi

Onui ta zo ana tsakiyar karatu. Ta cire takalma, ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi matashin da na tura mata. Na sallami yara da wuri.

Ta ciro hoton daga hannun riga ta ajiye tsakaninmu.

"Karanta min wannan, Malama Okayo. Kin san ni ban yi nisa a karatu ba."

Tun tana budurwa Yaya take ce min. Yau Malama Okayo.

Ba ta jira ni ba, ta sa yatsa a kusurwar ta karanta da kanta, a hankali: "Daga hannun babbar ɗalibarta, Okayo."

Na ce na yi ne don sunan mahaifiyarta. Na ce shekara goma nan gaba wa zai tuna da ita in ba a buga ba? Na ce ba ni na zaɓi fuskar ba, haka masu bugun suke yi wa kowa, har matan fada na da. Na yi bayani mai kyau, na sani.

"Masu ɗaukar kaya sun manna ta a bangon gidan wanka," in ji ta. "Jiya wani ya zo sayen mai ya tambaye ni ko na gado wuyan."

"Jahilai ne, Onui."

"Ni ma jahila ce. Ina takardar?"

Na ce kwafi aka yi, ta ainihin tana wurin mai naɗi.

Ta dube ni. Ta ce, "To. Jajibirin addu'a nake son ganinta a bango." Ta bar hoton a tabarmata ta fita.

Yarinyar da ta girma a gabana. Ta zo tana min kallon alƙali, tana warin man kifi.

Rana ta goma sha bakwai, da yamma

Yau ban zauna ba a shagon Kyuzo. Na tsaya a ƙofa inda masu saye suke, na ce ba zan gusa ba, kuma muryar mai koyar da yara talatin tana kaiwa ƙarshen titi. Ya daina fifita.

"Malama, ni mai sayarwa ne. Ba na zane, ba na sassaƙa, ba na bugu. Je ki tambayi Genshichi masassaƙi, a bayan haikalin masu rini. Wurinsa ƙunshin ya tafi."

Na ce me takardata take yi wurin masassaƙi?

Ya ce ana kiransa a ciki. Ba wanda ya kira shi.

Rana ta goma sha takwas, bayan na dawo

Ɗaki ne ƙarami, ƙasa duk ɓarzar katako. Tsoho ne, ya ɗaure gilashin ido da zare, ya duƙa kan allon icen sakura. Bai kula ni ba sai da na faɗi sunana sau biyu.

"Babbar ɗaliba," ya ce. "Ni na sassaƙa miki sunan. Harafin tsakiya ya ba ni wuya."

Na ce, Baba, takardar waƙar na zo karɓa.

Sai a nan ya ɗago. "Kin san yadda ake aikin nan kuwa?"

Na ce na sani mana, ana yin zane, ana duba shi ana sassaƙa katako, ana bugawa.

"Ana duba shi. Malamar makaranta. Matso ki gani."

Ya ɗauko zanen wani ɗan wasa a kan takarda shara-shara. Ya shafa gam na shinkafa a sabon allo, ya kifa zanen fuska ƙasa, ya lallatsa. Da ya sha iska sai ya jiƙa yatsa ya shiga murza bayan takardar. Tana murmushewa tana zuba kamar dusa, har ba abin da ya rage sai wata fata siririya da layukan tawada suna leƙowa ta cikinta. Ya ɗauki wuƙa ya bi gefen layin, ya dawo ta ɗaya gefen, ya tsame abin da ke tsakani ya yar.

"Duk zanen da ya shigo ɗakin nan mutuwa ya zo yi," in ji shi. "Ba a duba shi. Cikinsa ake yanka."

Na tambaye shi ina take. Ban san me ya sa na tambaya ba.

Ya nuna ƙasa da bakin wuƙar. "An share tun watan jiya."

Na faɗa masa maganganu. Na ce shi mahauci ne. Na ce tsufansa bai amfane shi da komai ba. Ya bar ni na gama.

"Takarda shara-shara, baƙar tawada, ba goyo a bayanta, ta zo ƙunshi ɗaya da zanen yarinyar. A sana'armu wannan ta yanka ce. Abin da ake so ya koma gida a akwati yake zuwa, da jan ƙyalle a jiki. Yaron da ya kwana uku a titin nan ya san haka. A me kika kawo ta?"

A cikin farar takarda na naɗe ta. Na sa a hannun riga.

"Duk da haka na aika na tambaya," ya ce, "don na ga hannun ba na mai kwafi ba ne. Aka ce in yanka, zai fi tafiya in an ce rubutunta ne na gaske. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, Malama. Ja min ƙofar in kin fita, iska tana busar min da gam."

Rana ta goma sha tara

Ban buɗe makaranta ba.

Rana ta ashirin, da rana tsaka

Na dafa miya, ta huce, na zubar. Kyuzo ɓarawo ne. Tsohon nan mahauci ne. Onui ce ta ba ni ita a hannu haka, ba akwati, ita ma da nata laifin.

Rana ta ashirin da ɗaya, da yamma

Kyuzo ya zo da kansa, da busasshiyar kanya a kwando. Ban ce ya shigo ba, ya shigo.

"Abin da ya faru ya faru, Malama. Amma ni na ji ana cewa hannunki da na marigayiya ko ita ba ta bambancewa. Irin takardar tana nan a kowane shago. Ga hoton kina dubawa. Mai naɗi kwana huɗu sun ishe shi in an matsa masa. Wa zai sani? Matar mai mai?"

Na ce ya kwashe kanyarsa kafin in kira masa sunan da uwarsa ba ta raɗa masa ba.

"Ni dai shawara na kawo. In magana ta fita, ni hotuna nake sayarwa, gobe an manta. Ke kuwa 'ya'yan mutane kike koya wa tarbiyya."

Ya bar kwandon. Na ba wa karen maƙwabta, shi ma ya shinshina ya wuce.

Rana ta ashirin da biyu, da sassafe

Na niƙa tawada. Don aikin yara ne.

Rana ta ashirin da huɗu, da la'asar

Takarda arba'in da ɗaya. Kullum ina gaya wa yara kwaikwayon hannun malami ba sata ba ce, hanya ce, kina bin sawunsa har ki sami naki. Layi biyun farko suna zuwa min kamar numfashi. Na san inda take ɗaga burushi, na san inda take jan wutsiyar harafi kamar mai jin ƙyuya. Rawar hannun ma na koya, in na riƙe numfashi na saki kafaɗa tana fitowa.

Layi na uku ne ya ƙi. A hoton ya karkace, ya yi kauri, ba kyau ko kaɗan, ciwo ya ci ƙarfinta ke nan. In na bi shi yadda yake sai hannuna ya gyara shi da kansa. Shekara ashirin da biyu ana hana ni irin wannan rubutun.

Rana ta ashirin da shida, da yamma

Ɗaya ta fito. Na ajiye ta gefen hoton, na je na dawo, na kasa ganin bambanci. Onui ba za ta gane ba. Wadda ba ta san gaba da bayan burushi ba, ina za ta gane? Za a rataye, a yi addu'a, kowa ya huta, ita ma ta huta. Alheri ne ma in an duba.

Onui ba za ta gane ba.

Rana ta ashirin da bakwai, da hantsi

Hanyar mai naɗi ta bayan haikalin masu rini take bi. Na ce bari in gwada takardar tawa da allon kansa, don bugu yakan ci bakin layi. Wannan kaɗai ya kai ni.

Na tarar allon a gaban tsohon masassaƙi. Mijin Onui ya kai ƙara wurin mai unguwa, shi ne Kyuzo ya ce a ƙwaƙule waƙar da sunan, a dasa sabon katako a gurbin, a sassaƙa sunan wata matar fada ta da. Yarinyar da laimarta suna nan yadda suke. "Jiya Isono, jibi wata," in ji tsohon. "Wuyan dai shi ake saye."

Na miƙa masa tawa. Ya kai ta kusa da gilashinsa, ya bi ta daga sama har ƙasa.

"Wannan lafiyayyar mace ce ta rubuta. Ta ci ta ƙoshi, tana kwaikwayon mai ciwo."

Na ce ba ra'ayinsa na zo nema ba.

"To me kika zo nema? Kawo yatsanki."

Ya kama yatsana kamar na yarinya ya ɗora a kan allon, ya bi da shi kan haruffan da suka taso a juye.

"Layin farko da na biyu hannu ɗaya ne, yana rawa. Kin ji? To nan, farkon na uku, burushi ya tsaya, tawada ta taru. Daga nan rawar ta ɗauke. Mai mutuwa hannunsa ba ya daina rawa don kansa. Layin ya yi nauyi, ya karkace, ya tafi kai tsaye kamar na wanda bai iya rubutu ba. Hannu biyu ne a kan burushi ɗaya. Wani ya riƙe mata."

Na ce ba zai yiwu ba.

"Kwana biyu na yi a kan layin nan da wuƙa. Ke da ido kika gan shi. Wa yake wurin da ta rubuta?"

Na janye yatsana na fita. Ban je wurin mai naɗi ba. Takardar tawa na sa ta a murhun mai gasa dankali a bakin gada, ya ce Malama ai da kin ba ni na naɗe dankali.

Rana ta ashirin da takwas, da yamma

Na sami Onui a ɗakin baƙi tana goge bangon da za a rataye abin. Ƙusar tana nan, ba komai a jikinta.

Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata. Ban yi bayani mai kyau ba yau. Na ce ban taɓa kai ta wurin mai naɗi ba, na ce an manna ta a katako an yanke, na ce babu ita. Na faɗi maganar takarda arba'in da ɗaya ma.

Ba ta daina gugar ba.

"Na sani tun ranar da na ga hoton," ta ce. "Wane mai kwafi ne zai zauna ya kwafe wannan mummunan layin? Na zo miki ne in ji ko za ki faɗa. Kika ce tana wurin mai naɗi."

Na ce, Onui.

"Burushin ya faɗi sau biyu. Ta ce, riƙe min, hannunki ya fi nawa ƙarfi. Shekarata talatin da takwas, rannan ne kaɗai ta ce hannuna ya fi wani abu. Ta faɗi haruffan, ni na ja. Na ɓata mata layin, ta yi dariya har ta yi tari." Ta matse tsumman a cikin ruwa. "Ke kin sami shekara ashirin da biyu. Ni layi ɗaya na samu. Shi ma kika kai kasuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na sami abin riƙewa.

"Kada ki zo addu'ar, Malama Okayo. Za a tambayi abin da ya sa bangon yake haka, ba na so in nuna ki da yatsa a gaban Inna."

Rana ta ashirin da tara

Yara goma sha ɗaya ba su zo ba. Magana ta fita. Na koyar da sauran. Ban yi wa kowa tsawa ba.

Wata na goma, rana ta ɗaya, da la'asar

Tsohon ya aiko a kira ni. Na tarar ya ƙwaƙule gurbin. Bai farfasa shi ba yadda aka saba, ya bi gefe da zarto ya ciro shi ɗungum, guntun katako bai wuce tafin hannu da rabi ba, layi ukun a jiki. Ƙaramin rubutun kusurwa kuwa ya aske shi.

"Wannan na murhu ne," in ji shi. "In kin ɗauka ban gani ba. Kada ki gode min, mahauci ba ya son godiya."

Na ce ban iya bugu ba. Ya ce ai ya lura akwai abubuwa da yawa da ban iya ba. Ya kai ni wurin maƙwabcinsa mai bugu, suka sa ni a gaba su biyu suna min dariya har na fitar da guda ɗaya mai kyau. Na ɗaga takardar, na ga rubutun ya dawo daidai.

Na bar musu ita. Ba tawa ba ce.

Rana ta biyu, da sassafe

Ana jin ƙararrawar haikali daga nan. Ban shiga gidan Onui ta gaba ba. Na ajiye wani akwati a ƙofar madafa, da jan ƙyalle a jiki. A ciki akwai katakon, da sandar tawada, da ɗan gam, da takarda ashirin da na jiƙa tun jiya, da ɗan faifan murzawa. Ban sani ba ko za ta buɗe, ko murhu za ta sa. Nata ne. Ga abin da na rubuta a kai:

Onui, wannan ba takardar ba ce, kuma ba zai zama ita ba. Wuƙa ta bi ta cikinta ne ta bar wannan. Za ki ga rubutun a juye, kada ya dame ki, haka yake kafin a buga. Ki niƙa tawada da kauri, ki ɗiga gam kaɗan, ki shafa a kan haruffan har su yi sheƙi. Ki ɗora takarda sau ɗaya, kada ki gyara mata zama. Ki murza da faifan daga tsakiya zuwa gefe, nauyin ya fito daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. Sannan ki ɗaga ta kusurwa ɗaya a hankali. Ta farko za ta ɓaci, ta biyu ma haka, tawa sai a ta tara ta fito. Ban sa miki ko ɗaya da na buga ba. Layi na uku a hannuna kullum fari-fari yake fitowa, mai bugun ya ce yana son hannu mai ƙarfi. Ki gwada da kanki.